Masu Kunnen Ɗaki: Gwanayen da Ke Daidaita Bes a Falukan Lafiya

Duk mai sayar da kayan sauti a Lafiya ya san wannan ƙorafi. Mutum zai shigo shago a bakin titin Jos, a kunna masa hom tiyata, bes ya daki ƙirjinsa har ya yi murmushi, ya biya, a ɗora masa kaya a keke. Kafin mako ya zagayo sai ga shi ya dawo rai a ɓace, wai an haɗa shi da jabu. In ya zauna a kujerarsa, murya da tsiwar fiyano kawai yake ji, kaurin kiɗan ya ɓace. Amma uwargida da ke kwance a uwar ɗaka tana ƙorafin dum-dum ya hana ta barci, maƙwabci kuma har ya aiko yaro a taimaka a rage. Mai shago ya sake jona kayan a gabansa, sai ga bes nan daram. Mai saye bai yi ƙarya ba, mai sayarwa ma bai yi ba. Wanda ya haddasa rigimar, wato falon, yana can gida ba wanda ya tuhume shi.

Akwai 'yan tsirarun mutane a garin nan da suka san haka, kuma a kansu nake son yin magana. Wani mai kai kayan kiɗa ne gidan biki, wani shi ke ɗaura lasifikokin masallaci lokacin tafsirin azumi, wani a majami'a ya goge, wani kuma a ɗan sutudiyon ɗaukar waƙa ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Garin da ke da gidajen rediyo irin su NBS da Precious FM, ga bukukuwan Barebari da Eggon da Alago da Gwandara da Migili ba sa ƙarewa, ba zai rasa masu taɓa waya da amfilifaya ba. Sai dai masu taɓa waya daban, masu kunne daban. Na farko zai jona maka kaya su yi ƙara ya karɓi kuɗinsa. Na biyu zai shigo falonka ya ɗauki lokaci bai taɓa na'ura ko ɗaya ba, yana ta kai-komo yana kallon bango.

Bangon ne kuwa abin kallo. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a ranar 1 ga Oktoba 1996, Lafiya ta zama babban birni, gini ya canza salo. Zuwan Jami'ar Tarayya a 2011 ya ƙara wa abin gudu. Daga Bukan Sidi zuwa Tudun Gwandara, daga Sabon Pegi zuwa Ombi, abin da ake gani ɗaya ne: bulo mai inci tara ko shida, filasta mai sulɓi, tayil a ƙasa, silin ɗin POP a sama, taga ta gilashi mai zuƙewa. Ido yana son irin wannan ɗaki, kunne kuwa wahala yake sha a cikinsa. Ɗakin ƙasa mai jinka bai san wannan matsala ba, domin kaurin sauti ratsa ciyawar yake yi ya tafi abinsa. Gidajen Amurka ma, inda yawancin shawarwarin intanet ke fitowa, bangonsu na siririn allo ne da aka kafa a jikin katako, yana ɗan lanƙwasawa yana shanye wani kaso na bes. Bulon siminti ba ya shan komai. Abin da ka ba shi, shi zai maido maka kusan gaba ɗaya.

Sauti girgizar iska ce. Idan fatar lasifika ta turo gaba ta koma baya sau 50 a daƙiƙa guda, sai a ce sautin na Hertz 50 ne. Kunnen matashi mai lafiya yana kamawa daga wajen 20 zuwa 20,000, bes kuwa yana can ƙasa, daga 20 zuwa kamar 200. A zafi irin na Lafiya sauti yana cin kusan mita 350 a daƙiƙa. To a raba a gani. Sautin Hertz 5,000 tsawon zangonsa santimita 7 ne, labule ma ya ishe shi. Na Hertz 50 kuwa mita 7 ne cur. Igiyar ƙasa ta gitar bes tana ba da 41, zangon da ya haura mita 8. Ɗakin da maginanmu suka fi sabawa da shi, mai ƙafa sha biyu sha biyu, faɗinsa mita 3.66 ne kacal. Zango ɗaya ya fi ɗakin tsawo, don haka kafin ya gama fitowa daga lasifika, goshinsa ya riga ya bugi bango ya dawo ya haɗu da sauran jikinsa.

Wanda ya taɓa ɗauko ruwa a daro ya ga abin da ke biyo baya da idonsa. In takunka ya zo daidai da lilon ruwan, sai ya riƙa hawa wannan gefe yana sauka wancan har ya fantsamo maka, alhali a tsakiyar daron tsayin ruwan bai motsa ba. Haka iska take yi tsakanin bango biyu masu kallon juna. Kowane ɗaki yana da sautukan da suka zo daidai da girmansa, kuma lissafinsu bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba: a raba 350 da ninki biyu na tsawon ɗakin. A ɗakin sha biyu, amsar Hertz 48 ce, sai ninkinta 96, sai 143. A jikin bango waɗannan sautuka kumbura suke yi. A tsakiyar ɗaki, na 48 ɗin ɓacewa yake yi kusan ƙurmus. Na 96 shi kuma yana da ƙarfi a bango da tsakiya, ramukansa suna a rubu'in ɗaki ta kowane ɓangare. Da yake tsawo da faɗin ɗakin ɗaya ne, abin sai ya zama ninki: gabas da yamma suna rera 48, kudu da arewa ma suna rera 48. Tsakanin ƙasa da silin mai tsayin ƙafa goma kuma ga wata 57 tana jira.

Bambancin da ke tsakanin tudu da rami a irin wannan ɗaki yakan kai desibel 20 a ma'aunin ƙarfin sauti, wani lokaci ya wuce. Desibel 10 kawai kunne yake ji kamar an ninka ƙara. Ga shi kuma sautin da ɗaki ke so ba ya mutuwa da wuri. An daina buga shi amma yana nan yana gurnani, har ya hau kan wanda ke biye da shi. Shi ya sa za ka ji makaɗi ya buga sautuka huɗu mabambanta, falon ya mayar da su guda ɗaya: bum, bum, bum, bum. Tsofaffin faya-fayen Mamman Shata ko kuntigin Ɗan Maraya Jos ba sa tona asirin ɗaki sosai, don ba su da nauyi a can ƙasa. Waƙoƙin da ake haɗawa a sutudiyo yanzu, da gangar amapiano da ta zo mana daga Afirka ta Kudu ta mamaye kowane biki, su ne ke zaune daidai inda ciwon yake. Kada kuma mai sauraren karatu ya ce ba ruwansa. Muryar namiji baligi tana farawa daga wajen Hertz 85, wato tana bi ta kan 96 ɗin nan. Malamin da kake jin kamar yana magana da hanci a toshe, wataƙila falonka ne ya toshe masa.

Na kalli ɗaya daga cikin gwanayen nan yana aiki a falon wani ɗan kasuwa, mai ƙafa sha biyu da sha shida. Bayan gaisuwa, ya zaro filas ɗinsa ya sa wata waƙa da ya sani ciki da bai, wadda bes ɗinta ke hawa yana sauka. Bai zauna ba. Ya bi jikin bango a hankali, ya tsaya a kowace kusurwa ya karkata kai, ya ratsa tsakiya, ya dawo. Ya dafa gilashin taga da tafin hannu, wata ƙara-ƙara da kowa ya ɗauka daga wufa, wato akwatin bes, take fitowa ta tsaya cak. Ya buɗe sho-gilas ya raba wasu tangaran biyu da ke gogar juna. Sannan ya juyo.

"Ranka ya daɗe, a ina ka fi zama?"

"Ga kujerata nan, Malam. Nan nake kallon labarai, nan nake jin karatu."

"To a ɗan ara mini ita."

Ya ƙara wa wufa tsawon waya, ya ciccibe ta daga lungun da take, ya ɗora ta a kan kujerar maigida, daidai inda kansa ke kasancewa. Ya sake kunna waƙar. Sai kawai ya tattare rigarsa ya durƙusa, ya fara rarrafe a gindin bango, kunnensa dab da tayil. Yaran gida suka leƙo suna ƙyaƙyata dariya. Maigida ya kasa haƙuri.

"Malam, lafiya? Wani abu ne ya faɗi?"

"Gurbi nake nema mata, Alhaji. Inda na ji ta da kyau daga nan ƙasa, in na ajiye ta a wurin, haka za ka ji ta a kujerarka."

Wannan magana tasa ba camfi ba ce. Ƙa'ida ce da Hermann von Helmholtz na Jamus da Lord Rayleigh na Ingila suka tabbatar tun ƙarni na 19: hanyar da sauti ke bi daga wuri zuwa wuri ɗaya ce ko ta wane ɓangare aka taso. In aka musanya gurbin lasifika da na kunne, abin da za a ji bai canza ba. Maimakon a yi ta jan akwati mai nauyi wuri goma ana komawa kujera, sai a ajiye akwatin a kujera, kunne ya yi yawon. Abin da ya burge ni shi ne abin da yake nema. Ya wuce wurare biyu da bes ya fi ƙarfi bai ko tsaya ba. Wurin da ya sa wa alama da alli yana gefen bangon gaba, kamar taku biyu daga kusurwa, inda kowane sauti na bes ɗin waƙar ya fito da nauyi ɗaya da ɗan'uwansa. Ƙarfi abu ne da maɓalli ke bayarwa, shi daidaito yake farauta, kuma wannan sai wanda ya horar da kunnensa ya daina ruɗuwa da dukan ƙirji.

Ana iya yi wa wufa wannan yawo ne saboda kunne ba ya iya nuna inda sautin da ke ƙasa da kamar Hertz 80 yake fitowa. Shi ya sa masu tsara kayan silima na gida suka tsayar da 80 a matsayin iyakar da ƙananan lasifikoki ke miƙa wa wufa aiki. In wufarka tana da maɓallin iyaka kuma an murɗa shi har ƙarshe, za ta fara furta muryar mutane, kunne ya gano maɓoyarta. Gwani yakan dawo da shi wajen 80 zuwa 100. Akwai kuma ɗan makunni a bayanta mai lamba 0 da 180, wanda yawancin mutane ba su taɓa taɓawa ba. Gwani yakan sa yaro ya riƙa sauya shi, shi kuma yana zaune a kujera, ya bar shi a inda bes ya fi cika, domin a ɗayan gurbin wufa da lasifikoki ja-in-ja suke yi, wannan na turawa wancan na janyewa.

Kujerar ita ce babban yaƙi. A falukanmu, ko dai an manna doguwar kujera da bangon baya, inda duk sautukan ɗaki ke taruwa su kumbura, ko kuma an kafa ta maigida a tsakiya, cikin ramin. Masu haɗa sutudiyo suna da wani ma'auni na somawa, cewa mai saurare ya zauna a kashi 38 cikin ɗari na tsawon ɗaki. Dalilin a fili yake: ramin farko yana rabi, na biyu yana rubu'i, sai a ratsa tsakaninsu. A falo mai ƙafa sha shida, hakan ya kama kusan mita 1.85 daga bango. Ba doka ba ce, mafari ne. Sau da yawa matsar da kujera taku ɗaya yana yin abin da sabuwar wufa ba za ta yi ba. Amma fa jeren falo ba na maigida ba ne. A gidan da nake magana, da aka zo nan sai gwanin ya dakata ya nemi a yi masa sallama da matar gida.

"Hajiya, a yi haƙuri, ba jerenki zan ɓata ba. Kujerar nan kawai za ta matso gaba kaɗan, sai teburin ya bi ta."

Ta duba, ta ce a matso da kafet ɗin ma don kada ya karkace. Wanda bai iya wannan ba, komai kaifin kunnensa, gobe da safe za a mayar da komai inda yake.

Lasifikokin gaba ma suna da tasu rigimar da bangon da ke bayansu. Sautin da ya koma baya ya bugi bango ya dawo yakan soke wanda ke tahowa gaba, kuma tazarar ce ke zaɓar wanda za a soke. Mita ɗaya daga bango tana haƙa rami a wajen Hertz 87, tsakiyar bugun ganga ke nan. A ƙaramin falo ya fi sauƙi a matsar da su kusa da bango, a bar ɗan sarari don hujin bayansu ya yi numfashi, sannan a rage bes kaɗan.

Sai an gama duk wannan, wanda bai ci ko sisi ba, ake maganar sayen wani abu. Nan ne ake gane mai gaskiya. Shiga ƙananan sutudiyo da yawa a arewa, za ka tarar an lulluɓe bango da kiret ɗin ƙwai ko siririn soson katifa. Wannan yana rage amsa-kuwwar tafi da tsiwar murya, sai ɗakin ya yi kamar an gyara shi, amma bes ko a jikinsa. Abin ma ya fi muni, don an kashe na sama an bar na ƙasa yana sarauta shi kaɗai. Soso da auduga suna shan sauti ne ta hanyar gogar iskar da ke motsi a cikinsu, a jikin bango kuwa iska ba ta motsi, matsi kawai take yi. Inda ta fi gudu shi ne rubu'in zango daga bangon. Ga Hertz 50 wannan mita 1.75 ne, rabin ɗakin ke nan. Soso mai kaurin yatsa biyu ba shi da abin cewa a nan.

Ga kuma haɗari. A watan Fabrairun 2003, a wani gidan rawa mai suna The Station a jihar Rhode Island ta Amurka, tartsatsin wuta ya kama soson da aka manna a bango don tare sauti, mutum 100 suka mutu. A garin da ake fama da jone-jonen waya da janareto a bakin taga, duk wanda ya ce ka lulluɓe ɗaki da soson katifa ba masoyinka ba ne. Audugar rimi tana shan sauti, amma ita ma da ganin wuta ta kama.

Abin da ke aiki shi ne kauri da kusurwa. Akan samu audugar dutse, irin wadda ake sa wa gini don tare zafi, wadda ba ta ci da wuta, a yi mata firam na katako mai kaurin santimita 10 ko fiye, a rufe da yadi mara kauri, a gitta ta a kusurwa daga ƙasa har sama, a bar iska a bayanta. Wannan yana kama daga wajen Hertz 100 zuwa sama sosai, ya ɗan taɓa na ƙasa. Don can ƙasan kuwa, kafinta ake nema. A ƙera akwati marar huji a jikin bango, a rufe fuskarsa da filawud da zai iya girgiza, a sa 'yar auduga a ciki ba tare da ta taɓa filawud ɗin ba. Nauyin katakon da zurfin akwatin su ke zaɓar sautin da zai sha. Filawud mai milimita 6 a kan zurfin santimita 20 yana kamawa a wajen Hertz 70, in aka zurfafa zuwa 30 ya sauko kusa da 58. Wannan shi wurinsa jikin bango ne, inda matsi ya fi yawa. Wadrob cike da kaya da kujerun kushin masu kauri ma suna ba da nasu taimakon, shi ya sa falon da aka kwashe kayansa yake canza murya.

Dabarar ta girme mu duka. Mimar Sinan, da ya gina Masallacin Sulaimaniyya na Istanbul tsakanin 1550 da 1557, ya binne tukwanen ƙasa a cikin ƙubbarsa, bakinsu na kallon masallata, don gyara sauti. Tulu mai siririn wuya yana da sauti guda da yake amsawa, wanda duk yaron da ya taɓa hura bakin kwalba ya sani. Sai dai tulu ɗaya ko biyu a falo ado ne kawai, ba za su iya da iskar ɗaki guda ba. Wanda ya mayar da harkar ta zama lissafi shi ne Wallace Sabine, matashin malamin kimiyya a Jami'ar Harvard, da aka ba shi aikin gyara wani zauren lacca a 1895. Da dare yake aiki, lokacin da gari ya yi tsit, shi da mataimakansa suna jido matasan kujeru daga wani zaure suna shimfiɗawa, yana auna daƙiƙun da sauti ke ɗauka kafin ya mutu. Da abin da ya gano aka tsara babban zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900. Abin da ya ɗauka a matsayin ma'aunin shan sauti shi ne buɗaɗɗiyar taga, domin abin da ya fita ta taga ba ya dawowa. Gwanayen Lafiya sun san wannan ba tare da sun ji sunan Sabine ba. Za ka ji ɗayansu ya ce a buɗe ƙofar da ke shiga ɗakin cin abinci ko ta baranda a saurara, sai gurnanin ya ragu nan take. Illar dai ita ce abin da ya fita daga wurinka, wurin maƙwabci ya nufa.

Wanda ke da hali, kuma yana son duk kujerun falo su ji daɗi ba ta maigida kaɗai ba, ƙananan wufa biyu sun fi masa ƙatuwa ɗaya. Wani injiniya mai suna Todd Welti na kamfanin Harman ya gwada jeri iri-iri ya fitar da sakamako a 2002, inda ya nuna cewa a ɗaki mai kusurwa huɗu, wufa biyu a tsakiyar bango biyu masu kallon juna suna rage bambancin kujera da kujera ƙwarai. Lokacin da iska ke matsuwa a wannan bango tana sakewa a wancan, wufa biyu da ke turawa tare sai su hana lilon tashi tun daga tushe.

Matasan cikin gwanayen nan yanzu suna zuwa da kwamfuta. Akwai manhaja kyauta mai suna Room EQ Wizard, wadda John Mulcahy ya rubuta. Da ita da makirufon awo, sai ta saki wani sauti mai tashi daga ƙasa zuwa sama, ta zana maka tudu da ramukan falonka a allo. Ina ganin amfaninta, musamman wajen shawo kan maigida mai gardama, don abin da ido ya gani ba a musunsa. Makirufon wayar hannu kuwa ba abin dogaro ba ne a can ƙasa. Amma zanen bai gaya wa mutum abin da zai yi, kuma a nan ne sabon shiga ke faɗawa tarko. Ya ga rami, sai ya ɗauki ikwalaiza, na'urar ɗaga ko sauke kowane sauti daban, ya tura wurin sama. Ramin nan sokewa ce: in ka ƙara wa mai zuwa ƙarfi, ka ƙara wa mai dawowa, su sake cinye juna. Ƙarin desibel 10 yana neman ninki goma na ƙarfin amfilifaya, ƙarshenta a ji ƙaurin waya. Tudu ake saukarwa da ikwalaiza, rami kuwa matsawa ake yi a bar masa wurin.

Wani abu da ya keɓanta da mu: wutar lantarkin Nijeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, dab da 48 ɗin ɗakin sha biyu. Ɗan gunjin da lalatacciyar waya ko rashin wayar ƙasa ke sa wa lasifika, wanda a fili ba za a kula da shi ba, irin wannan ɗaki sai ya ɗauke shi ya kumbura. Mai kunne yakan tsayar da kiɗa ya saurari shirun tukuna. In akwai gunji, sai ya mayar da duk kayan kan soket ɗaya, ya raba wayar sauti da ta wuta, kafin ya ce uffan a kan bes.

A ganina, abin da ya sa ba a daraja wannan sana'a yadda ya kamata shi ne ba ta barin abin nunawa. Mai gyaran janareto zai miƙo maka tsohon fulogi ka ga abin da ka biya. Mai kunne kuwa ya zo ya matsar da akwati taku biyu, ya ja kujera, ya rage maɓallin da kai ka ƙure, ya hana ka sayen wufar da ka yi niyya, sannan ya tsaya yana jiran sallama. Wasu masu gida har cewa suke yi ai bes ɗin ya ragu, domin kunnensu ya saba da kumburin sauti guda. Sai bayan kwana biyu, da suka fara jin yatsun mai gita suna tafiya daki-daki, suka kuma lura ba sa ƙure ƙara kamar da, maƙwabci ya daina aike, sannan suke gane abin da aka yi musu. A biya gwani hakkinsa tun kafin lokacin.

Masu aza harsashi a sababbin unguwannin hanyar Shendam da ta Makurdi kuwa, ku ne kuke da damar da sauran ba su da ita. Kafin a ja igiya, ku gaya wa magini kada tsawon falo ya zo daidai da faɗinsa, kada kuma ɗaya ya zama ninkin ɗaya. Cikin ma'aunan da masana sauti suka daɗe suna ba da shawara akwai 1 da 1.4 da 1.9: tsayi ƙafa 10, faɗi 14, tsawo 19. Bulo kaɗan ne bambancin, kuma in an riga an yi rufi ba ya gyaruwa.